GASHIN KAI: ƁARNAR WUTA DA TA MAGANI

Darasin sanin jikin mutum

1. Kitso da sababbin kaya

A ƙasar Kurfai da ta Tondikandiya kitso tsohuwar sana'a ce. Kurfayawa, Zabarmawa, Filani da Buzaye, kowace kabila da irin nata kitso. In salla ta matso, ko ana shirin buki, gidan makitsiya ba ya rabuwa da mutane. Kayan aikinta kuwa ba su da yawa: tsinke, mataji, man shanu ko man gyaɗa, da hannu mai gwaninta.

Yanzu an sami ƙarin waɗansu kaya. A kasuwar Filinge, da ta Damana, da babbar kasuwar Baleyara mai ci ran Lahadi, ƴan koli suna baza kwalaye da robobi masu hoton mata da dogon gashi mai santsi. Galibinsu daga Yamai ko daga Nijeriya ake kawo su. Akwai maganin miƙar da gashi, wanda ake kira defirizan. Akwai baƙin rini. Akwai matajin ƙarfe da ake ɗorawa bisa garwashi. A inda akwai lantarki kuma, ga na'urar busar da gashi da ƙarfen guga na gashi.

Waɗannan kaya suna sauya kamannin gashi cikin ɗan lokaci. Amma sau da yawa, bayan ƴan watanni, sai gashin ya dinga karyewa, gefen goshi ya zama fili. Don a gane dalili, dole a fara sanin yadda gashi yake.

2. Saiwa da sili

Kowane gashi yana da sashi biyu. Na farko shi ne saiwa, tana binne cikin fatar kai, a wani ɗan rami. Saiwa tana da rai. Jini yana kai mata abinci, ita kuwa tana ƙera gashi, tana turo shi waje. Na biyu shi ne sili, watau abin da ido yake gani, ake kitsawa. Sili ba shi da rai. Babu jini cikinsa, babu jijiya. Shi ya sa in wanzami yana aski ba a jin zafi, amma in aka tumɓuke gashi ɗaya sai mutum ya zabura.

A kan mutum akwai gashi wajen dubu 100. Kowane yana ƙaruwa da wajen santimita 1 a wata. Yakan yi shekara 2 zuwa 6 yana girma, sa'an nan ya huta, ya faɗi, wani ya maye wurinsa. Mutum mai lafiya yana zubar da gashi 50 zuwa 100 kowace rana, ba tare da wata cuta ba.

Ga babban abin lura a nan. In ƙaya ta tsaga ƙafa, fata takan haɗe, ta warke, domin tana da rai. In ƙashi ya karye, maɗori ya ɗora shi, yakan kama. Silin gashi kuwa ba ya warkewa. Abin da ya same shi yau yana nan tare da shi har ranar da aka yanke shi ko ya faɗi.

3. Abin da ke cikin sili

Sili siriri ne ƙwarai. Sai an jera goma ko fiye da haka kafin su cika milimita 1. Amma in aka dube shi da madubin likita mai ƙara girman abu, za a ga yana kama da karan hatsi: yana da ɓawo, da nama, da totuwa.

Ɓawo shi ne rigar gashi. An yi shi da ƙananan faifai, ɗaya bisa ɗaya, hawa 5 zuwa 10. Sun kwanta kamar yadda ake jera shifci a jinkar rumbu, bakinsu yana duban ƙarshen gashi. Muddin suna kwance, gashi yana sheƙi, yana da santsi, laimar cikinsa ba ta gudu.

Nama shi ne ƙarfin gashi. Ƙananan zarurruka ne masu ɗimbin yawa, a murɗe kamar igiyar rama. A cikinsa ne launin gashi yake, watau wani abu da ake kira melanin, wanda shi ne kuma yake ba fata launinta. In saiwa ta daina yin melanin, sai furfura ta fito.

Totuwa tana can tsakiya. Ba ta da wani aiki mai yawa, siririn gashi ma ba shi da ita.

Abin da aka gina sili da shi sunansa keratin. Shi ne kuma ke cikin farce, da ƙahon sa, da kofaton doki, da gashin kaza. Keratin yana ƙunshe da farar wuta. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da wurin babbakar kan rago ran babbar salla ya san warin. Farar wutar da ke cikin gashi ce take ba da wannan wari in ya ƙone.

Zarurrukan nama a ɗaure suke da juna, da ƙulli iri-iri. Biyu daga cikinsu ya kamata a sani.

Akwai ƙaramin ƙulli. Ruwa yana kwance shi, zafi ma haka. In gashi ya bushe ko ya huce, sai ƙullin ya sake kamawa. Saboda shi ne gashi yake riƙe da lanƙwasar kitso bayan an tsefe, har sai an wanke kai.

Akwai babban ƙulli, na farar wuta. Ruwa ba ya kwance shi. Shi ne yake riƙe da ainihin siffar gashi, shi ne kuma yake ba shi ƙarfi. Gashi ɗaya mai lafiya yana iya ɗaukar nauyin giram 50 zuwa 100 bai tsinke ba.

Gashin yawancin mutanen Afirka a nannaɗe yake. In aka yanka shi aka dubi bakinsa, ba da'ira ba ne sosai, ya fi kama da ƙwayar wake. Duk inda ya lanƙwashe wuri ne mai saurin karyewa. Har wa yau, maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya saurin gangarawa bisa nannaɗaɗɗen gashi, don haka yana saurin bushewa. Ga iskar hunturu, ga ƙura, ga ranar bazara da takan wuce digiri 40 a Dallol Boso. Irin wannan gashi yana bukatar laima da lallashi fiye da kowane.

4. Aikin wuta

Ruwa yana tafasa a digiri 100. Ƙarfen guga na gashi kuwa yana kai digiri 200, wani har 230. Matajin da aka ɗora bisa garwashi ba shi da ma'auni ko kaɗan. Mai aiki ba ta san iyakar zafinsa ba, sai ta ga hayaƙi ko ta ji ƙauri. In ƙauri ya tashi, ɓarna ta riga ta auku.

Zafi yana kwance ƙananan ƙulle-ƙulle, shi ya sa gashi yake miƙewa. Amma wannan miƙewa ta ƴan kwanaki ce. Da an wanke kai, ko gumi ya jiƙa shi, sai gashi ya koma yadda yake. Sai a sake ɗora mataji a wuta. Kowane komawa kuwa da irin tasa ɓarna.

Da fari, ɓawo yana tsagewa. Faifan da suke kwance sai su tashi, su karye, su zube, kamar jinkar da iska ta yaye. Gashi ya rasa sheƙi, ya yi kaushi, ya dinga sarƙewa.

Na biyu, keratin yana dahuwa. Farin ƙwai ruwa-ruwa ne, amma in aka dafa shi sai ya daskare, ba ya kuma komawa ɗanye. Haka keratin yake. In zafi ya yi masa yawa, siffarsa ta sauya ke nan har abada.

Na uku, in gashi da sauran danshi aka sa masa ƙarfe mai zafi, ruwan da ke cikinsa yana tafasa nan take. Tururi ya rasa hanyar fita, sai ya kumbura sili daga ciki, kamar yadda ƙwayar masara take fashewa ta zama gugguru. Wurin ya zama kumfa, ya zama fanko. Da an taje, nan zai karye.

Fatar kai ma ba ta tsira ba. Mataji yakan taɓa kunne ko goshi, man da aka shafa kuma ya narke, ya gangara bisa fata da zafinsa. Wurin da ya ƙone ƙwarai yakan zama tabo, gashi kuwa ba ya tsira bisa tabo.

5. Aikin defirizan

Kowa ya san ɗanɗanon tsamiya da na kanwa. Masu ilmin kimiyya sun raba abubuwa da yawa gida biyu: dangin tsami da dangin kanwa. Lemun tsami, tsamiya da nono mai tsami suna gida ɗaya. Kanwa, ruwan toka, sabulu da soda suna ɗaya gidan. Suna da ma'auni da ake kira pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa mai tsabta yana tsakiya, a kan 7. Abin da yake ƙasa da 7 dangin tsami ne, abin da yake sama da 7 dangin kanwa ne.

Lemun tsami: wajen 2
Gashi da fatar kai: wajen 5
Ruwa mai tsabta: 7
Ruwan kanwa: wajen 10
Defirizan: 12 zuwa 14

Kowane hawa ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne. Ashe abin da yake a kan 13 ya fi ruwan kanwa kaifi sau 1000.

Galibin defirizan da soda ake yinsa, irin sodar da mata masu haɗa sabulu suke saya, wadda ba a taɓa ta da hannu tsirara. Wani kwalin yana ɗauke da rubutun Faransanci «sans soude», watau babu soda. Wannan ba ya nufin babu haɗari. An sa wani magani ne a madadinta, shi ma dangin kanwa ne, kaifinsa kuma yana kusa da nata. Yana ma barin gashi da bushewa ƙwarai. Wanda aka rubuta na yara ne, shi ma haka yake.

Aikin majemi yana nuna abin da irin wannan kaifi yake yi wa gashi. In majemi zai jeme fatar akuya, yakan fara jiƙa ta cikin ruwan toka mai ƙarfi. Bayan ƴan kwanaki gashin ya saki, sai ya kankare shi cikin sauƙi, sa'an nan ya sa fatar cikin ruwan bagaruwa. Defirizan ɗan'uwan ruwan majemi ne, ya ma fi shi kaifi. Bambancin shi ne ana wanke shi bayan ƴan mintoci, tun bai gama aikinsa ba. In aka bar shi ya daɗe, gashi yakan narke ya biyo mataji.

Ga yadda yake aiki. Da an shafa shi, sili ya kumbura, ɓawo ya buɗe, magani ya shiga cikin nama, ya tsinka manyan ƙulle-ƙulle na farar wuta. Sai a taje gashi ya miƙe, a wanke. Waɗansu ƙulle-ƙulle suna sake kamawa, amma ba kamar na da ba, kuma ba duka ba. Gashin ya miƙe, ba zai sake nannaɗewa ba. Ƙarfinsa ma ba zai komo ba.

Saiwa kuwa ba ta san abin da aka yi ba. Tana nan tana turo gashi nannaɗaɗɗe kamar kullum. Bayan wata biyu, ga sabon gashi wajen santimita 2 a gindi, ga miƙaƙƙe a sama. Mahaɗarsu wuri ne mai rauni. In aka zo sake shafawa, aka bar magani ya hau tsohon gashi, an yi masa jima ta biyu ke nan. Mafi yawan karyewar gashi daga nan take tasowa.

6. Aikin rini

Tun da daɗewa matan Hausa sun san shuni, wanda ake samu daga baba, suna haɗa shi da mai su shafa a kitso. Sun san lalle kuma. Waɗannan suna zama a kan ɓawo ne, ba su fasa naman gashi.

Rinin kwali dabam yake. Yana da kwalba biyu da ake haɗawa. Ɗaya tana buɗe ɓawo. Ɗaya kuwa ruwan oksijine ne, yana shiga ciki ya kashe melanin, don sabon launi ya sami wuri. Samarin da suke mai da sumarsu ja ko fara, wannan ruwan suke sha wa kai da yawa. Gashin da aka kashe wa launi yana zama kamar soso: ya sha ruwa da sauri, ya bushe da sauri, ya karye.

Baƙin rini kuma galibi yana ƙunshe da wani magani da ake kira PPD. Ana sa shi har cikin abin da ake sayarwa da sunan baƙin lalle. Jikin waɗansu mutane ba ya ɗaukarsa: fata ta yi ƙaiƙayi, ta yi ƙuraje, fuska ta kumbura. Wanda ya sha shi kuwa, guba ce mai kisa. Dattijan da suke rina furfura ko gemu su ma ya kamata su san wannan.

7. Daga ina waɗannan kaya suka fito?

A 1872, a birnin Paris na Faransa, wani mai gyaran gashi, Marcel Grateau, ya yi suna da lanƙwasa gashin mata da ƙarfe mai zafi. A Amurka, a farkon ƙarni na 20, wata baƙar fata da ake kira Madam C. J. Walker (1867-1919) ta kafa babban ciniki na man gashi. Ta horar da mata dubbai, ta hanyarsu kuma matajin wuta ya yaɗu cikin baƙaƙen fata. Wani baƙar fatar Amurka, Garrett Morgan, mai gyaran keken ɗinki ne. Yana gwada wani ruwa don allurar keke, sai ya ga yana miƙar da gashi. A 1913 ya kafa kamfanin sayar da shi.

A wancan zamani, a Amurka, ana raina baƙar fata da gashinsa. Mace mai neman aiki takan miƙar da gashinta don a karɓe ta. Amma daga wajen 1960 matasa da yawa a can suka bar gashinsu yadda Allah ya halicce shi, suna alfahari da shi. Nannaɗaɗɗen gashi ba cuta ba ne, balle a nema masa magani.

8. Abin da likitoci suka gani

A 1968 waɗansu likitocin fata uku a Amurka suka ba da bayanin mata masu amfani da matajin wuta, waɗanda tsakiyar kansu ta yi sanƙo mai tabo.

A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, wata likitar fata, Nonhlanhla Khumalo, ita da abokan aikinta suka duba kan ƴan makaranta fiye da 1000. Sun bayyana sakamako a 2007. Cikin kowace 100 ta ƴan mata, wajen 17 gashin gefen kansu ya zube saboda ja. Cikin manyan mata kuwa, kusan ɗaya cikin uku. Waɗanda abin ya fi ci su ne masu yin matsattsen kitso bisa gashin da aka sa wa defirizan. A 2010 suka auna silin gashi, suka nuna cewa defirizan yana rage masa sinadarin nan mai farar wuta da yake riƙe da shi.

A 2022 masu bincike na gwamnatin Amurka suka bayyana abin da suka gani bayan sun bi lafiyar mata fiye da dubu 33 na wajen shekara 11. Matan da suke sa maganin miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara, ciwon dajin mahaifa ya fi yawa cikinsu, fiye da ninki biyu na waɗanda ba su sa. Ciwon ba mai yawa ba ne cikin jama'a, amma wannan gargaɗi ne: abin da aka shafa a fatar da ta ƙone yana iya shiga jiki.

9. A gidan makitsiya

Ana jibi salla, wata yarinya ƴar lakwal ta zo wurin makitsiya da kwalin defirizan ƙunshe a bakin zane.

— Inna, ina wuni? Yayata ce ta ba ni wannan. Ina so ki sa mini kafin ki yi mini kitso.

Makitsiya ta tsefe kan, ta duba, ta ce:

— Ɗiyata, kin ga wannan ƙurji a ƙeyarki? In maganin nan ya taɓa shi, ba za ki yi barci ba yau. Kuma kan da aka sa wa magani ba ya ɗaukar kitso a ranar. In na ja shi, rabinsa a hannuna zai tsaya.

— To, Inna, nawa gashin ba ya tajuwa, zafi nake ji.

— Don kina taje shi a bushe ne. Je ki ce wa innarki ta jiƙa miki karkashi, ki wanke kai da shi, ki shafa man shanu, ki komo gobe da safe. Mai da wa yayarki kwalinta. Garin neman gira ake rasa ido.

10. Alamun gashin da ya lalace

Ba ya sheƙi, yana da kaushi a hannu.
Bakinsa ya tsage biyu ko uku.
Akwai ƙananan fararen ɗigo a jikinsa, nan yake karyewa.
In an taje, guntaye suna zuba a kafaɗa.
In ya jiƙa, yana miƙewa kamar danƙo, ya tsinke.
Ya daɗe bai ƙara tsawo ba. Saiwa tana aikinta, amma abin da ta turo a gindi yana karyewa a sama.

Ya kamata a bambanta zubewa da karyewa. Gashin da ya faɗi don lokacinsa ya yi dogo ne, yana da ɗan farin kai a gindinsa. Wanda ya karye guntu ne, ba shi da wannan farin kai.

11. Rigakafi ya fi magani

Man shanu, man kaɗanya, man gyaɗa da man aduwa suna da amfani. Suna kwantar da ɓawo, suna tsare laima, suna sa mataji ya wuce ba gardama. Amma ba su ɗinke silin da ya tsage, man kanti mai tsada ma ba ya yi. Bakin da ya tsage sai almakashi. Don haka:

Kada a sa wa yara defirizan ko rini. Fatarsu ba ta yi ƙwari ba.
A taje gashi yana da danshi da mai, da mataji mai manyan haƙora, a fara daga ƙarshe a gangaro gindi.
Kitson da ya hana barci, ko ya fitar da ƙuraje a goshi, ya matsu. A sassauta shi.
A rufe kai da kallabi ko hula a cikin rana da ƙura.
A ci wake, gyaɗa, nono, ƙwai, nama da ganye irin su zogale. Saiwa da abinci take ƙera gashi.
Kada a sa ƙarfe mai zafi a jiƙaƙƙen gashi, kada kuma a maimaita shi a wuri ɗaya.

Babbar mace da ta ga lalle sai ta sa defirizan, ta kiyaye waɗannan. Kada ta sa shi in akwai ƙurji, ƙora ko rauni a kanta. Mai shafawa ta sa safar hannu, ta fara shafa basilin a goshi, kunnuwa da ƙeya. A sa magani a sabon gashi kaɗai. Kada a wuce mintocin da aka rubuta a kwali. In kai ya fara zafi, a wanke nan da nan, domin zafi alamar ƙuna ce. A wanke da ruwa mai yawa da sabulun da aka haɗo cikin kwalin. Kada a sake sai bayan mako 8 ko fiye. Kada a haɗa defirizan da rini, ko da matsattsen kitso, a lokaci ɗaya. Mai son rini kuwa ya ɗiga kaɗan a bayan kunne, ya jira kwana 2, ya ga ko fata za ta yi ja.

In magani ya shiga ido, a dinga zuba ruwa mai tsabta har minti 20, sa'an nan a tafi wurin likita ba da jinkiri ba. In ƙaramin yaro ya sa shi a baki, a kurkure bakin da ruwa, kada a sa shi amai, a garzaya da shi likita tare da kwalin. A ajiye waɗannan kaya inda hannun yara ba ya kai.

12. Gwaji a aji

Gwaji na 1. A kama dogon gashi ɗaya tsakanin yatsu biyu. A ja daga gindi zuwa ƙarshe, sa'an nan daga ƙarshe zuwa gindi. Ta wane gefe ne ya fi santsi? Me ya sa?

Gwaji na 2. A jiƙa furen yakuwa ja, a tace, a raba ruwan cikin kofi uku. A ɗiga lemun tsami a na farko. A bar na biyu yadda yake. A zuba ruwan kanwa a na uku. Na farko zai ƙara ja, na uku zai yi duhu, ya koma wajen kore. A gwada ruwan toka da ruwan sabulu. A wane gida suke?

Gwaji na 3. Malami kaɗai zai yi wannan. Ya kusantar da gashi ɗaya da gashin kaza ɗaya ga wutar ashana. Yara su faɗi abin da suka gani da abin da suka shaƙa.

13. Lissafi

a) Gashin wata yarinya yana da tsawon santimita 18. In yana ƙaruwa da santimita 1 a wata, wata nawa ne shekarun bakinsa?
b) Wata mace tana sa defirizan kowane wata 2, tana shafa shi tun daga gindi har ƙarshe. Sau nawa bakin gashinta zai sha magani cikin shekara 2?

14. Tambayoyi

1. Mene ne bambancin saiwa da sili?
2. Me ya sa silin gashi ba ya warkewa?
3. Waɗanne ne sassa uku na sili?
4. Me yake faruwa in aka sa ƙarfe mai zafi a jiƙaƙƙen gashi?
5. Ina kamar aikin defirizan da aikin majemi?
6. Yaya ake gane gashin da ya karye da wanda ya faɗi don kansa?
7. A tambayi wata tsohuwa a gida: da me ake wanke kai, da me ake shafa masa a zamanin ƙuruciyarta? A rubuta amsa cikin layi biyar.

15. Abin riƙewa

Saiwar gashi tana da rai, sili ba shi da rai. Wuta tana fasa ɓawon gashi, tana dafa namansa. Defirizan yana tsinka ƙulle-ƙullen da suke ba shi ƙarfi. Rinin kwali yana kashe launinsa. Silin da ya lalace ba ya gyaruwa, sai a yanke shi a jira sabo. In saiwa ta ƙone ta zama tabo, sabon ma ba ya fitowa.